Kurakuran da ke ɓata doguwar tafiyar buɗe ido da mota

Duk wanda ya ƙuduri aniyar ratsa ƙasa da mota daga wannan iyaka zuwa waccan, yana tsayawa yana ba ido abinci a hanya, kusan da takarda iri ɗaya yake zuwa neman shawara. An jera garuruwa, an jera wuraren kallo, a gefen kowanne an rubuta awowin da taswirar waya ta bayar. Tun kafin in kai ƙarshen takardar na san inda tafiyar za ta lalace, domin kullum a wuri ɗaya take lalacewa. Na faɗa da baki har na gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Uwar kurakuran ita ce ɗaukar lissafin taswira a matsayin lissafin yini. In Google Maps ta ce awa shida, motar da ba ta tsaya ko'ina ba take nufi. Babu shan mai a ciki, babu zagayawa, babu cin abinci, babu yaron da zuciyarsa ta tashi. Ga mai tafiya da iyali, awa shidan nan takwas ce ko fiye. Sai kuma mutum ya ɗora wuraren kallo uku a kai, kowanne ya ware masa rabin awa. Wane wuri ake gani a rabin awa? Neman inda za a ajiye mota da takawa zuwa bakin ruwan ko kan dutsen ma sun cinye ta. Ga shi yawancin wuraren da suka cancanci a gani ba a bakin babban titi suke ba, sai an ratse kilomita ashirin ko talatin a hanyar da ba ta gudu ba ce, a kuma dawo ta nan.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Wuri na farko a sake a ciki, na biyu a leƙa a guje, na uku a wuce shi ana cewa "sai a dawowa", alhali kowa a motar ya san ba za a tsaya ba. Rana ta faɗi, masaukin da aka riga aka biya kuɗinsa yana can gaba da tafiyar awa uku. A nan direba yake furta maganar da na tsana: "Mu daure mu ƙarasa."

Wannan daurewa ce ta taɓa kai ni gefen titi da motar da sai janwe aka kira mata. Ina tuna na hau wata gada, abin da na sake sani shi ne ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da allon hanya yana cin gaban motar. Ban ji zuwan barcin ba, kuma a nan haɗarin yake. Mutane suna zaton barci yana sallama, wai za su ji shi su tsaya. Gyangyaɗin daƙiƙa uku ko huɗu ne, wani lokacin ma ido a buɗe, ƙwaƙwalwa ce ta ɗauke. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa huɗu kenan ta wuce mita 110, tsawon filin ƙwallo har da ɗoriya, babu mai riƙe da ita. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa daidai da na wanda ke da kashi 0.05 cikin ɗari na barasa a jini, iyakar da ƙasashe da yawa suka sa wa direba. Yanzu lissafa: ka tashi ƙarfe biyar na asuba don ɗaure kaya, ƙarfe goma na dare kana kan sitiyari. Ka cika sha bakwai ɗin. Mutumin da zai yi fushi in an ce masa mashayi, ga shi yana tuƙa 'ya'yansa a irin halin mashayi, yana kuma yabon kansa da juriya.

Kada wanda ya zo mini da zancen sauke gilas, ko ƙure rediyo, ko watsa ruwa a fuska. Minti kaɗan suke yi su sake ka. Barci ba shi da magani sai barci. In hamma ta fara jeruwa, ko ka ga ba ka tuna kilomitocin da ka wuce yanzu ba, ko taya ta fara taka layi, nemi wuri mai haske da mutane ka tsaya. Sha kofi ka kwanta minti goma sha biyar zuwa ashirin, domin kofin ma sai ya yi kusan haka kafin ya fara aiki. Wannan dabarar ta kai ka masauki mafi kusa ce kawai, ba ta sayo maka wasu awa uku ba. Sannan a kula da lokuta biyu da jiki ke neman kwanciya ko da an yi barcin kirki: tsakar dare zuwa asuba, da kuma bayan abincin rana, wajen ƙarfe biyu zuwa huɗu. Na biyun ne mutane suke rainawa, shi ya sa nake sa wurin kallo a daidai wannan lokaci, a fita a taka.

Direbobin manyan motoci a Tarayyar Turai, waɗanda tuƙi ne sana'arsu, doka ta tsayar musu da awa 9 a yini, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Kai da tuƙinka bai wuce gida zuwa wurin aiki ba, da wane ƙarfin ka rubuta wa kanka awa 11? Ni ƙa'idata ta fi tasu tsauri, ban kuma ce dole kowa ya bi ba. Ranar da akwai abin kallo ba na wuce awa biyar a kan sitiyari. Babban wuri ɗaya nake sa wa yini, sauran in lokaci ya bari. Duk awa biyu ina tsayawa ko ban gaji ba. Ina so in isa masauki da sauran rana, in ga unguwar da zan kwana da idona. Bayan kwana biyu ko uku ana tafiya, akwai ranar da ba a taɓa makullin mota. Masauki kuma ina zaɓar wanda za a iya sokewa, don kuɗin ɗakin da aka riga aka biya shi ne yake tura mutane tuƙin dare. Wasu suna cewa hakan ɓata kwanaki ne. To, a rage nisan tafiyar mana.

Na biyu da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake shirya motar. Mutum zai yi wata guda yana zaɓen wuraren da zai ɗauki hoto, sai ana gobe tafiya ya kai mota gareji ya ce a duba komai. Duk gyaran da aka yi da gaggawa yana iya barin noti a kwance ko tiyo bai zauna ba, kuma ba za ka sani ba sai ka yi nisa da makanikenka. Ka kai ta saura mako guda ko biyu, a yi juyen baƙin mai, a duba birki da batir da fanbel da ruwan lagireto, sannan ka yi ta hawanta a gari, har ka ɗan fita babban titi. Abin da zai tsiyaya ya tsiyaya a gida.

Taya kuwa, ikon Allah, ita ce abin da ya taɓa ƙasa amma ita ake mantawa. Ana duba zanenta a ce da sauranta, ba a duba shekarunta. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, shi ya sa kamfanoni irin su Michelin suke cewa daga shekara biyar a riƙa kai ta dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko zanenta na nan. Zanen kuma in ya sauka zuwa milimita 1.6 ya kai iyakar doka a ƙasashe da yawa, amma ni ba na shiga doguwar hanya da wadda ta kusa nan, musamman lokacin ruwa. Iska ana auna ta da safe taya na sanyi. Adadin da ya dace yana manne a jikin ƙofar direba ko murfin tanki, galibi da layi na daban na mota mai lodi. Lambar iska da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta ɗauka ce, ba abin da za a sa ba. Akwai masu rage iska wai don kada zafin titi ya fasa taya. Akasin haka ne yake faruwa: taya mai ƙarancin iska ta fi lanƙwasa, lanƙwasar ta haifar da zafi, zafin ya raba robar da wayoyin ciki. Safaya ma a auna ta. Sau nawa aka ciro ta a daji aka tarar ta fi wadda ta yi faci laushi? In siririyar nan ce, yawancinsu ba a wuce kilomita 80 a awa da su, kuma ta kai ka wurin mai faci ce kawai. Jak da sifanar taya, gwada su a ƙofar gida.

Sai gangara. Wuraren kallo da yawa a kan tsaunuka suke, kuma wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yakan sauko ƙafarsa na kan birki tun daga sama. Birki da gogayya yake aiki, gogayya kuma zafi ce. In ya yi yawa sai ka ji ƙauri, ka taka ka ji motar ba ta amsawa. In man birkin ya tsufa ya sha danshi, yana iya tafasa, ƙafarka ta tafi ƙasa babu komai. Dalilin da ake canza shi wajen duk shekara biyu kenan. Sa ƙaramar giya tun kafin gangarar ta fara, inji ya riƙe motar, birki kuma a taka a saki. Mota mai canza giya da kanta ma tana da L ko 2 ko wurin saukar da giya da hannu, ba ado aka sa su ba. Masu sa mota a firi wai suna tsimin mai, ban san abin da zan ce musu ba, sai dai kada su ɗauke ni.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata yini. Tanki in ya kai rabi a yankin da ba ka sani ba, cika shi, kada ka jira fitila ta kama. Sauke taswirar yankin a waya tun kana da intanet, domin sabis yakan ɗauke a daidai inda hanya ta rabu biyu, kuma kada ka bi duk gajeriyar hanyar da waya ta nuna ba ka tambayi mutanen wurin ba. Duba ranar da wuri yake rufewa: gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa ranar Litinin, Louvre ta Faransa kuma Talata take hutu, wasu wuraren ma sai da tikitin da aka saya tun kafin a zo. Kaya masu nauyi a ƙasan but, ba a kan kariyar saman mota ba, abin da za a nema a hanya kuma a sama. Kada a bar jaka a kan kujera a wurin ajiye motocin 'yan buɗe ido, ɓarayi sun san motar baƙo. Inji in ya yi zafi kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce. Bel ya hau kan na baya kamar yadda ya hau kan na gaba. Yaro ba a barinsa a rufaffiyar mota ko na minti biyar. Makulli na biyu a aljihun wani, ba a cikin motar ba.

Masu cin birki a kan kwana ko kan gada don sun ga abin ɗaukar hoto, su ma a ji tsoron Allah. Na bayanku bai ga abin da kuka gani ba, titi yake kallo. A wuce a nemi fili, a sauka gaba ɗaya daga kan kwalta, a dawo da ƙafa.

Akwai kuma dawowa, wadda kusan babu mai rubuta ta a takardarsa. A ba tafiya kwana shida, a ba dawowa yini ɗaya da rabi, don Litinin akwai aiki. Nisan bai ragu ba, direba ya fi gajiya, taya da birki sun sha hanya, aljihu ya yi sauƙi har ana ƙyashin kuɗin ɗaki. Ni tun farko nake raba kwanakin, in ware wa dawowa nata, in ajiye mata wuri ɗaya ko biyu masu kyau da gangan, in da hali ma ta wata hanyar daban. Sannan ina barin yini guda a gida kafin ranar komawa aiki, domin in mota ta kwana a gareji a wani gari, a cikinsa za a biya bashin.