Yadda Ake Tantance Ƙaramin Hoton Wasa Kafin Ya Hau Shagon Intanet

Wanda ya shafe shekara biyu yana haɗa wasan bidiyo yakan kalli hoton tallansa ne a babban allo, inda ko gashin girar jarumin ana iya ƙirgawa. Mai saye kuwa ba haka yake ganinsa ba. Shi yana jan shafi ne da babban yatsa, hotuna na wucewa kamar ƙiftawar ido, naka ɗaya ne cikin dubbai. A shekarar 2023 kaɗai, wasanni sama da 14,000 ne suka fito a Steam, babban shagon intanet na wasannin kwamfuta. Saboda haka duk wani hukunci da ka yanke wa hoto yana cike da allo, ka yanke shi ne a kan abin da kusan babu mai gani. Matakan da ke tafe na mayar da kai ne kujerar mai saye.

Mataki na farko: ƙanƙantar da shi

Kafin ka ce komai game da kyau ko muni, rage hoton zuwa girman da shagon zai nuna shi. A Steam ana kiran waɗannan hotuna kafsul, kuma kowanne da ma'auninsa. Na kan shafin wasa yana da fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto a allo) 920 a faɗi da 430 a tsayi, ƙaramin kuma 462 da 174. Daga ƙaramin nan ne shagon ke yanko wasu da suka fi shi ƙanƙanta, har zuwa 120 da 45, wanda bai wuce faɗin yatsa biyu ba. A Google Play ana karɓar tambarin manhaja a 512 da 512, a App Store kuma 1024 da 1024, amma a fuskar waya bai fi girman farce ba.

To ka yi wannan ragin da kanka, ka tura wa wayarka, ka miƙe hannu ka duba. Ɗauki misalin hoton da aka zana mayaƙa biyar, da dodo a bayansu, da gari yana ci da wuta, da wata a sama. A babban allo sai ka ce masha Allah. A 120 da 45 kuwa sai ya koma dunƙulen ja da baƙi, ba ka gane mutum balle dodo. Idan naka ya koma haka, kada ka ɓata lokaci a sauran matakan, koma ka rage kaya.

Mataki na biyu: cire launi, ka lumshe ido

Mayar da hoton baƙi da fari, kowace manhajar gyaran hoto tana yin wannan da dannawa ɗaya. Launi yana ruɗi: ja da kore na iya bambanta sarai a idonka alhali nauyin haskensu ɗaya ne, da an cire launin sai su haɗe su zama toka guda. Ga kuma masu larurar rashin bambance ja da kore, waɗanda yawancinsu maza ne, su dama haka suke ganinsa tun farko.

Yanzu ka ɗan lumshe ido har hoton ya dusashe. Me ya rage? Ya kamata abu guda ya tsaya, wanda ido ke fara sauka a kai. Ka tuna farar fuskar nan mai ƙaho biyu ta jarumin wasan Hollow Knight, ko ɗan dunƙulen mutumin Among Us mai gilashi a fuska. Ko inuwarsu kawai aka zana za ka gane su. Idan ido ya rasa inda zai sauka, yana ta yawo daga kusurwa zuwa kusurwa, hoton bai da shugaba.

Mataki na uku: karanta sunan

A nan ne aka fi yin asara, kuma a nan ne masu zane suka fi gardama. Rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe, siririn harafi, suna da aka ɗora a kan gajimare mai haske ko a kan rigar jarumi mai ado, duk suna da kyau a ido amma ba sa karantuwa. Valve, kamfanin da ya mallaki Steam, da kansa ya nemi sunan wasa ya karantu ko a mafi ƙanƙantar kafsul, har ya ba da shawarar tambarin ya kusan cika ƙaramin. Mutum na iya ganin hotonka yau bai danna ba, sai bayan mako ya tuna. In bai karanta sunan ba, da me zai neme ka?

A 2017 masu na'urar wasa ta Nintendo Switch sun yi ca a kan wasan Snake Pass lokacin da aka sauya tambarinsa zuwa fuskar maciji zalla babu suna, har sai da aka sake gyara shi. A waya lamarin ya ɗan bambanta, domin sunan manhaja yana fitowa a rubuce a gefe ko ƙarƙashin tambari, don haka cusa rubutu a cikin ɗan murabba'in nan sau da yawa cunkoso ne kawai. Duba inda hoton zai zauna kafin ka yanke.

Mataki na huɗu: zaunar da shi cikin maƙwabta

Ɗauki hoton allon shagon, a sashen irin wasanka, ka manna naka a tsakiyar jerin. Shafin Steam shuɗi ne mai duhu, don haka hoto mai duhu da bakin da ba a fayyace ba yakan nutse a ciki. Idan wasannin ban tsoro goma da ke kewaye da kai duk baƙi da ja ne, naka ma baƙi da ja, ka zama na goma sha ɗaya. A shagunan waya ma haka: tun da fuskar mayaƙi mai buɗe baki yana ihu ta karɓu, irin ta Clash of Clans, sai wasannin yaƙi suka yi ta kwaikwayo har ba ka bambance wannan da wancan.

Sai dai a yi hattara, fita daban ba ya nufin fita daga dangi. Wanda ke neman wasan noma mai kwantar da hankali akwai launuka da yanayin da ya saba gani, in ka kauce musu gaba ɗaya zai wuce ka bai san kai yake nema ba. A nawa ganin, ka yi kama da danginka a yanayi, ka bambanta da su a abu guda: launi ɗaya, ko siffa ɗaya.

Mataki na biyar: nuna wa wanda bai san wasan ba

Kada ka tambayi abokin aikinka, shi ya riga ya san labarin. Nemi mutum biyar ko shida da ke buga wasanni amma ba su taɓa jin naka ba. Nuna wa kowa shi kaɗai na daƙiƙa biyu ko uku, ka kife wayar. Kada ka ce "ya yi kyau?", domin kunya za ta sa ya ce ya yi. Tambaye shi abu uku: mene ne sunan wasan, wane irin wasa ne, kuma me yake zaton zai riƙa yi a ciki. Ka yi shiru ka rubuta amsa, kada ka gyara masa. Idan wasanka na gina birni ne amma huɗu cikin shida suka ce na harbi ne saboda bindigar da ke hannun jarumin, bindigar ce za ta tafi, komai wahalar da aka sha wajen zana ta.

Mataki na shida: auna shi da cikin wasan

Jera hoton kusa da hotunan ainihin wasan. Ba dole zanen ya zama iri ɗaya ba, wasanni da yawa masu zanen fiksel suna da hoton talla da aka zana da hannu, kuma babu laifi. Laifin shi ne alkawarin abin da babu. A 2020 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta haramta wasu tallan wasannin Homescapes da Gardenscapes saboda abin da suke nunawa ba shi ne akasarin wasan ba. A Steam kuma mai saye na iya neman a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 14 muddin bai buga awa biyu ba. Hoto mai kyan ɗan maciji zai kawo dannawa, sannan ya kawo mayar da kuɗi da sharhi mai zafi.

Mataki na bakwai: dokar shago, sannan alƙaluma

Tun 1 ga Satumba 2022, Steam ya hana sa makin masu sharhi, tambarin lambar yabo ko sanarwar rangwame a kan kafsul. Zanen wasa, sunansa da ƙaramin takensa na hukuma kawai aka yarda da su. In akwai sabon ƙari da kake son sanarwa, akwai hoton wucin gadi da ake ɗorawa na iya wata guda. Duba kuma gefuna, domin shagunan waya suna zagaye kusurwoyin tambari, abin da ka ajiye a can zai guntule.

Bayan an ɗora, ra'ayinka ya ƙare, saura lissafi. Steamworks, shafin masu ɗora wasa a Steam, na nuna sau nawa aka ga hotonka da sau nawa aka danna. Google Play na ba ka damar gwada tambura daban-daban a kan masu ziyara, App Store ma na barin ka gwada har guda uku a kan na asali. Abu ɗaya za ka sauya a kowane gwaji, ko launin baya ko girman suna, kada ka haɗa biyu, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Kuma kada ka gwada tsohon hoto a makon da babu komai, sabo kuma a makon babban rangwame, sannan ka kwatanta su. Bari a ƙalla mako guda ya zagayo a kan kowanne, domin masu shiga shago ranar Talata ba su ne na ƙarshen mako ba.