Yadda na gyara farkon littafina har aka fara saye

Wata takwas na kwashe ina rubuta littafina na soyayya, amma da na saki babi uku kyauta a WhatsApp, mutum biyu kacal suka nemi ci gaba. Abin ya tsaya mini a rai.

Sai na ɗauki rubutun na tafi unguwar Mabera a Sakkwato wurin ƙanwar mahaifiyata, na karanta mata da baki. Ban kai shafi na huɗu ba ta tare ni: "Ɗiyata, yaushe za a soma labarin?" Nan na gano ciwon. Shafi 20 na ɓata kan tarihin kakannin yarinyar da labarin yake kanta da fasalin gidansu, babu abin da ya faru.

Na cire su duka, duk da ina son su. Na buɗe da daren da aka kawo lefe, lokacin da ta ji ashe an sauya mata ango. Tarihin kuma na yayyafa shi kaɗan-kaɗan cikin hirar dattawa. Su na bar wa Sakkwatancinsu, irin "mi kaka so", sauran na mayar daidaitacciyar Hausa don masu karatu na Kano da Kaduna.

Tallar ma na sake ta. Layi huɗu: wace ce ita, me take so, wa ya tare mata hanya, me za ta rasa. Ban faɗi ƙarshe ba. Babin kyauta ya tsaya daidai inda ta buɗe ƙofa ta ga angon, farashi na biye. A daren aka fara turo kuɗi.