Yadda ake buɗe sinkin kicin idan ya toshe

Sinki ba ya toshewa dare ɗaya. Da fari ruwa ne zai riƙa jan ƙafa kafin ya wuce, daga nan a fara jin ɓul-ɓul a cikin bututu, sai wari ya biyo baya. Abin ya fi tsananta da hunturu, kuma da dalili. Manja sai zafi ya kai wajen digiri 35 yake narkewa sosai, kitsen shanu ma ya fi haka taurin kai. Ruwan wanke-wanke na shiga bututu mai sanyi, maiƙon ya daskare a jikin bango, ƙwayar shinkafa da guntun tuwo da zaren soson buhu su zo su manne masa, hanya ta yi ta ƙuncewa har ta rufe.

Kafin a taɓa komai, a fita waje a duba. A gidajenmu da yawa bututun kicin huda bango kawai yake yi ya zuba cikin kwata ko 'yar cemba, wato ɗan ramin nan mai murfi da ruwan datti ke bi ta cikinsa, kuma sau tari leda ce ko ƙasa ta rufe bakinsa. Idan kuma an ga ruwan banɗaki shi ma ba ya wucewa, ko an buɗe cemba an tarar da ita cike, to sinki ba shi da laifi. Matsalar tana babban bututu ko sokawe, wannan kuwa aikin mai gyaran famfo ne. In sinkin ne kaɗai, a koma ciki.

A kwashe ruwan da ya kwanta da kofi a zuba a bokiti, a ɗaga 'yar rariyar bakin ramin sinkin, a sa yatsa ko lanƙwasasshiyar waya a zaƙulo abin da ya taru. Sai a tafasa ruwa buta guda, a sauke, a bar shi kamar minti 5 ya ɗan huce. Bututun roba na PVC ba a yi shi don tafasasshen ruwa ba, in ana yawan kwarara masa sai ya yi laushi, mahaɗarsa ta saki. A zuba sabulun ruwa na wanke-wanke cokali biyu ko uku a ramin, a bi shi da ruwan zafin sannu a hankali, rabi yanzu, rabi bayan 'yan mintuna. Mai kanwa a gida zai iya jiƙa 'yar ungurnu a ruwan, tana taimakawa wajen kama maiƙo. Idan dama ruwa na wucewa, jinkiri kawai yake yi, wannan kan wadatar.

Haɗin bekin soda da ruwan khal da ake ta yaɗawa a intanet kuwa, a ganina kumfarsa ta fi aikinsa yawa. Ɗaya na kashe kaifin ɗaya ne, abin da ke saura kusan ruwan gishiri. Yana rage wari, amma ba zai ture dunƙulen kitse ba.

Idan ruwan ya ƙi motsi, sai a ɗauko filanja, robar nan mai kama da ƙoƙo da ke da sanda a kai. A ware ta sinki daban da ta masai. A fara cusa jiƙaƙƙen tsumma a 'yar kafar da ke saman sinki, wadda ruwa ke bi in ya cika. In sinkin mai baki biyu ne a sa wani ya danne ɗaya ramin, in ba haka ba duk ƙarfin ta can zai tsere. A tara ruwa daidai yadda zai rufe robar, a kifa ta ta zauna daram, a danna a ɗago da sauri kamar sau 15 zuwa 20 ba tare da bakinta ya rabu da sinkin ba, sannan a fizge. Ɗagowar ta fi dannawar amfani, don ita ke girgiza dattin ya sake.

In an yi haka zagaye biyu ko uku shiru, a durƙusa a leƙa ƙarƙashin sinki. A nan ne yawancin toshewa take, kuma nan ne mutane suka fi jin tsoron taɓawa alhali ba wani abin wahala ba ne. Za a ga ɗaya cikin biyu: ko bututu mai lanƙwasa kamar harafin U, ko wani farin abu mai siffar kwalba. Shi ne tarap. An yi shi ne ya riƙe ɗan ruwa a koyaushe, ruwan ya tare wari da kyankyasai kada su hauro daga kwata. Duk abu mai nauyi a nan yake zama: yashin wankin shinkafa da alayyafo, tokar goge tukunya, ɓarɓashin soson ƙarfe.

A ɗauki hotonsa da waya tukuna, saboda lokacin mayarwa. A tara roba mai faɗi a ƙasa, a sa safar hannu ko a ɗaura leda. Mai siffar kwalba gindinsa kawai ake murɗewa, kamar murfi. Mai lanƙwasa kuwa yana da zobban roba biyu, ɗaya sama ɗaya gefe, hannu na kwance su. In sun ƙi, a naɗa tsumma a ƙara ƙarfi, kada a kai musu sifana da gaggawa don roba tsagewa take yi. Ana kwancewa baƙin ruwa zai zubo da wani ɗoyi mai hawa kai, saboda haka a buɗe taga tun farko. Abin da za a tarar yawanci wani farin dunƙule ne mai santsi, da shinkafa ta kumbura a ciki. A kankare shi a zuba a shara, a wanke tarap ɗin a waje da tsohon burushin haƙori da omo. A lura, kada a kai shi sinkin da aka kwance a ce za a ɗauraye, ruwan a ƙafafu zai sauka.

Akwai siraran baƙaƙen robobi a kowace mahaɗa. Su ne ke hana yoyo. Kada su ɓata, kuma wadda ta tsage a tafi da ita shagon kayan famfo a sayo irinta. Bututun sinkin kicin galibi inci 1½ ne, na wanke hannu inci 1¼.

Tun da an riga an buɗe, a duba bututun da ya shige bango. A zura waya mai ɗan tauri da aka lanƙwasa bakinta, ko igiyar ƙarfen nan ta masu gyaran famfo, ana turawa ana murzawa. In an ji ta tokare, a murza a jawo, kada a yi ta cusawa da ƙarfi. Sai a mayar da komai, a ɗaure da hannu, a cika sinki da ruwa a sake shi gaba ɗaya, a shafa busasshen hannu a mahaɗun a ji ko akwai danshi.

Wasu sinkunan ba su da tarap sam, sai tiyo mai ƙunƙun-ƙunƙun da ake ja ya miƙe. Irin wannan ya fi kowanne tara datti, musamman in ya yi ciki a tsakiya. A cire shi a wanke, a ɗaure shi yadda zai gangara, kamar santimita 2 a kowace mita. In ya tsufa gara a sauya shi, ba shi da tsada.

Saura maganar soda, wadda ake haɗa sabulu da ita. Mutane na son zuba ta don gudun durƙuso. Amma duk matar da ke sana'ar sabulu ta san abin da soda da manja ke zama in sun haɗu suka huce: sabulu mai tauri, wannan karon a cikin bututu. Ga zafin da take tayarwa, ga ƙuna in ta fallatsa. Ruwan batir ma kada a soma, balle a haɗa shi da bilic irin su Hypo ko Jik, domin iskar da ke tashi guba ce mai kama numfashi. In an riga an zuba wani sinadari bai yi aiki ba, kada a sa filanja, kuma a gaya wa mai gyara abin da aka zuba kafin ya kwance tarap. Wanda ya fallatsa wa a ido ya yi ta wankewa da ruwa mai gudu aƙalla minti 15, sannan a wuce asibiti.

Bayan hanya ta buɗe, man suyan da ya ƙare a juye shi a gwangwani, tukunya mai maiƙo a share ta da takarda kafin ta ga ruwa. Ruwan tatar gasara da ruwan farko na wankin shinkafa a kai su waje, tokar goge tukunya ma haka. Sau ɗaya a mako a bi ramin da ruwan zafi da sabulu, da hunturu a mayar da shi sau biyu.