Yadda Ake Shuka Furanni Masu Yaɗo Su Rufe Rumfa da Katanga a Gidajen Kano

Yawancin gidajen birnin Kano ba su da filin da zai ɗauki bishiyar inuwa, domin tsakar gida ta ƙanƙance, an kuma shafe ta da siminti, abin da ya rage bai wuce wurin shanya da na girki ba. Shuka mai yaɗo ba ta neman faɗin ƙasa. Rami ɗaya a kusurwa ya ishe ta, tunda sauran girmanta sama take yin sa, kuma idan aka shuka ta a kan kari, aka tanadar mata abin hawa, cikin damina ɗaya za ta iya rufe rumfa ta kuma rage zafin da katanga ke sha da rana ta dawo da shi ɗaki da dare.

Abin da ya kamata mai gida ya fara yankewa shi ne irin da zai shuka, kuma shawarata ita ce a haɗa iri biyu a wuri guda: mai sauri wanda galibi yake bushewa bayan damina, da mai jinkiri wanda zai zauna shekaru. A cikin masu sauri akwai furen da masu sayar da shuke-shuke ke kira morning glory, ɗan uwan dankalin Hausa da duman kada, wanda furensa ke buɗewa da asuba ya rufe idan rana ta take. Ƙwayarsa tana da ɓawo mai tauri, saboda haka a ɗan kankare ta da reza a jiƙa ta kwana ɗaya kafin a shuka, sai ta tsiro cikin mako guda ko makamancin haka. A ɓoye irin inda yara ba za su kai ba, domin yana da guba idan aka ci. Akwai kuma Clitoria ternatea, mai shuɗin fure, wadda take dangin wake ce, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake da gyaɗa suke yi, tana jure zafi, kuma takan fara fure kafin ta cika wata biyu. Kada a raina namu na gida: soso yana ba da fure rawaya mai faɗi, ga kuma soson wanka a ƙarshen damina, duma kuwa fararen furanninsa da yamma suke buɗewa, kuma kaɗan ne cikin furannin waje suke kama waɗannan biyun wajen saurin rufe rumfa.

A cikin masu daɗewa, Bougainvillea ce ta fi dacewa da Kano. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma abin da ido ke gani ja ko ruwan hoda ko fari ba shi ne ainihin furen ba, wasu siraran ganyaye ne da suka kewaye ɗan ƙaramin farin fure. Darajarta a wurinmu ita ce ta fi yin ado lokacin rani, sa'ad da komai ya bushe ya yi ƙura, domin ƙarancin ruwa ne ke sa ta fure. Sai dai tana da ƙaya, kuma ba ta naɗe abin hawa da kanta, dole sai an riƙa ɗaure rassanta. Wanda yake son ƙamshi ya nemi Rangoon creeper, dangin geza, wadda furenta ke fitowa fari ya koma ruwan hoda sannan ja, ƙamshinsa kuma ya fi tashi da dare, amma tana shan ruwa fiye da Bougainvillea. Antigonon, 'yar asalin Meziko, tana da sauri da juriya, ƙudan zuma ma suna son ta ƙwarai, sai dai tana yin saiwa mai kauri a ƙarƙashin ƙasa tana kuma zubar da iri mai yawa, don haka a ƙaramin gida gara a tsare ta cikin babban mazubi.

Lokacin shuka shi ne ginshiƙin aikin duka. Ruwan Kano yakan zauna ne a watan Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, wato kimanin wata huɗu ke nan na ruwan da ba a saya ba. Wanda ya shuka daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli ya ci moriyar wannan ruwan gaba ɗaya, shukarsa mai daɗewa kuma za ta kafa saiwa kafin hunturu ya shigo. Wanda ya dasa a Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40 ko fiye, zai kashe kuɗi wajen mai garuwa, kuma duk da haka da wuya dashen ya rayu.

Kafin iri ya shiga ƙasa, a gama abin hawa. A nan ne mutane da yawa suke yin sakaci, su shuka tukuna da niyyar yin rumfa daga baya, sai yaɗon ya bi ƙasa ya cukurkuɗe, a zo ɗaga shi ya karye. Masu naɗewa, irin su morning glory da Clitoria, siririn abu suke so, kamar igiya ko waya, domin ba sa iya zagaye ƙaton itace. Masu daɗewa kuwa nauyinsu yana ƙaruwa kowace shekara, don haka rumfarsu ta zama ta ƙarfe, ko ta gora mai kauri da aka kafa gindinta cikin siminti saboda gara. A tuna da iskar da ke zuwa gaban hadarin farkon damina, wadda take kwashe kwanon rufi balle rumfar da ganye ya cika. A bar tazarar kamu ɗaya, wajen santimita 45, tsakanin gindin shukar da bango. Wannan ya fi zama dole a unguwannin cikin ganuwa inda har yanzu akwai ginin ƙasa, domin ban ruwa a gindin irin wannan bango yana jiƙa tushensa, ganyen da ya manne masa kuma yana hana shi bushewa bayan ruwan sama. Haka nan a nisanta yaɗon daga indararo da wayar wuta.

Ramin ya kai zurfin santimita 40 zuwa 50, faɗinsa ma haka. Ƙasar Kano a wurare da yawa jigawa ce da ba ta riƙe ruwa, a sababbin unguwanni kuma sau da yawa ɓaraguzan gini ne a ƙarƙashi, saboda haka a cakuɗa kashi biyu na ƙasa mai kyau da kashi ɗaya na takin shanu ko na awaki wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai an bar shi ya huce na wasu watanni. Inda siminti ya rufe ko'ina, rabin duro ko babban bokitin fenti zai yi, muddin an huda ƙasansa an zuba tsakuwa don ruwa ya riƙa fita. Idan an sayo dashe a leda daga masu sayar da furanni a bakin titi, a yanke ledar a hankali ba tare da an fasa ƙasar da ke riƙe da saiwar ba, musamman Bougainvillea wadda saiwarta ba ta son a taɓa ta, a kuma dasa da yamma.

Game da takin zamani, kaɗan ya isa. Yuriya tana sa ganye ya yi duhu ya yi yawa amma fure ya ƙi fitowa, don haka idan za a sa, cokali ɗaya na NPK 15-15-15 a wata, nesa kaɗan da gindi, ya wadatar.

Idan ruwan sama ya ɗauke, a riƙa ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a zuba da yawa ya ratsa ƙasa maimakon yayyafi kullum. A rufe gindin da buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa don danshi ya daɗe. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko kayan miya duk suna da amfani, amma ban da ruwan wanki mai omo ko bilic. Bougainvillea da ta kafu, a bari ƙasarta ta bushe kafin a sake ba ta. A lokacin hunturu a riƙa watsa wa ganye ruwa jefi-jefi don wanke ƙura.

Ƙwarin da suka fi damun waɗannan shuke-shuke su ne ƙananan masu tsotsar ruwan ganye da suke taruwa a bayansa da kan sabon toho. A daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma duk mako har su ragu. Wannan ya fi maganin feshi na gona aminci a gidan da yara ke wasa. Awaki da tumaki kuwa sai shinge, don haka a kewaye gindin da ragar waya har shukar ta fi ƙarfin bakinsu.

Yankan rassa yana da muhimmanci tun shukar tana ƙarama. Idan ta kai tsayin gwiwa a tsinke kanta, sai ta fito da rassa biyu ko uku ta rufe wuri da kyau. Bayan ta hau, a riƙa share ganyen ƙasa da busassun rassa domin iska ta ratsa, sauro da sauran ƙwari kada su sami maɓoya, a kuma datse duk reshen da ya tsallaka katangar maƙwabci kafin ya zama abin magana. A ƙarshen Oktoba, idan masu saurin sun bushe, a tsinke 'ya'yansu da suka nuna, a shanya su a inuwa, a adana irin cikin kwalba mai murfi, sannan a sauke busasshen yaɗon daga rumfa don mai daɗewar ta sami hasken rana da wurin hawa.