Yadda Ake Horar da 'Yan Wasan Dandamali da Tsarin Stanislavski

Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da dama a makarantu da unguwannin Gombe da Bauchi hanya ɗaya suke bi. A raba takardu, a ce kowa ya je ya haddace nasa, a dawo darakta ya tsaya a gaba yana nuna wa kowa yadda zai faɗi kowace jimla. In an zo wurin baƙin ciki a ce wa yarinya "yi kuka", in wurin faɗa ne a ce wa yaro "ɗaga murya". Ranar wasa sai ka ga mutum goma a dandamali, dukkansu darakta suke kwaikwayo, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya rufe baki ya sauke tasa haddar.

Wannan ciwon ne Konstantin Stanislavski ya ƙarar da rayuwarsa yana nema wa magani. An haife shi a Mosko, ƙasar Rasha, a 1863, ɗan gidan attajirai masu masana'antar zaren zinariya. Sunansa na yanka Konstantin Alekseyev, Stanislavski na dandamali ne. A 1897 ya zauna da marubuci kuma malamin wasa Vladimir Nemirovich-Danchenko a wani gidan cin abinci, suka shafe awa 18 suna tsara irin gidan wasan da suke so, suka buɗe shi a Mosko a 1898. Daga 1906 ya fara rubuta tsarin horar da ɗan wasa, a 1912 ya buɗe ɗakin gwaji na matasa, kuma bai daina gyara tsarin ba har ya rasu a 1938. Jigon abin da ya gano shi ne: ba a umartar zuciya ta ji wani abu. Aiki ake ba ɗan wasa ya yi, jin ya biyo baya da kansa.

Lokaci da wuri

Wasan minti 30 zuwa 40 yana son mako shida, zama uku a mako, kowane zama awa biyu. Tsakanin la'asar da magariba ya fi dacewa da yawancin ƙungiyoyi, amma a watannin Maris da Afrilu ajin da ke da rufin kwano yakan riƙe zafi har yamma, gara inuwar bishiya. Da hunturu kuma a ajiye ruwan ɗumi, don ƙura tana shaƙe murya. A je a auna ainihin dandamalin da za a yi wasan, a zana girmansa da alli a wurin gwaji, har da inda ƙofofi suke. Wanda ya saba da faɗin filin makaranta, ranar wasa zai yi ta karo da kujeru.

Zaman tabarma: makon farko

Kada a haddace komai tukuna. A karanta wasan sau biyu da murya ta yau da kullum, ba tare da kwaikwayo ba. Sannan a tono abin da Stanislavski ya kira halin da marubuci ya ba da: waye wannan mutum, ina yake, wane lokaci ne, daga ina ya fito, me ya faru kafin ya shigo, me zai rasa in bai sami abin da ya zo nema ba.

Ɗauki fitowa irin wannan: mace ta zo gidan uwar adashi karɓar kwasarta, uwar adashi kuwa ta riga ta taɓa kuɗin. Amsar "tana son kuɗinta" ba ta isa ba. Nawa ne kuɗin? Bikin 'yarta saura kwana nawa? Ta riga ta yi wa mai kayan ɗaki a kasuwar Wunti alkawarin yau? A ƙafa ta zo ko a Keke Napep, kuma kuɗin komawa na hannunta? Uwar adashin sa'ar mahaifiyarta ce, har tana ce mata Inna? Wannan ta ƙarshe kaɗai ta isa ta canja fitowar gaba ɗaya, domin wadda kake durƙusawa ka gaisar ba ka yi mata tsawa, sai dai ka ƙi tashi. Abin da takarda ta faɗa a rubuta shi daban, abin da ƙungiya ta cike da tunaninta a rubuta daban, kuma kada na biyu ya saɓa wa na farko.

Daga nan kowane ɗan wasa ya yi wa kansa tambayar "da a ce". Ba a ce masa ya yarda shi ne mutumin ba, wannan yaudarar kai ce. Tambayar ita ce: da a ce ni ne a cikin wannan hali, yau, me zan yi? A lura, me zan yi, ba me zan ji ba.

Yanka fitowa gaɓa-gaɓa

Stanislavski yakan kwatanta wasa da gasasshen talo-talo: ba ya haɗiyuwa ɗungurungum, sai an yanka. Gaɓa tana ƙarewa ne inda wani abu ya canja, ko an ji sabon labari, ko wani ya shigo, ko dabarar da mutum ke bi ta ƙi ci ya sake wata. A ja layi da fensir a wurin. Fitowar minti biyar ba ta cika wuce gaɓa huɗu zuwa shida ba. In kun sami goma sha biyar, kun yi wa abin gutsi-gutsi, ɗan wasa zai shagala da ƙirga maimakon wasa.

Kowace gaɓa a ba ta buƙata, a rubuta ta a gefen takarda da "ina so in…". Nan ne aka fi yin kuskure, don haka a tsaya a kai. "Ina so in yi fushi" ba buƙata ba ce, domin ba wanda ke fita daga gida da niyyar yin fushi. "Ina so in nuna ni matalauciya ce" ita ma ba ta yi ba, 'yan kallo take kallo. Buƙata ta gari tana da alama uku: aiki ce, tana kan abokin wasa, kuma ana iya gane ko an samu ko ba a samu ba. Mai kwasa za ta fara da "ina so in sa ta ambaci kuɗin da bakinta", in ya ƙi ta koma "ina so in ba ta tausayi", sannan "ina so in ba ta tsoron tonon asiri". Uwar adashi kuma: "ina so in ja gaisuwa har a kira salla", "ina so in sa ta ji kunyar tambaya", "ina so in sallame ta kafin kishiyata ta ji". Da zarar buƙatun biyu sun ci karo, fitowa ta tashi, ko da ba wanda ya ɗaga murya. Doguwar gaisuwarmu ma, da ake yawan yankewa a wasa wai tana cin lokaci, a irin wannan wuri makami ce.

Bayan an gama da gaɓoɓi, kowa ya nemi babbar buƙatar da ta ratsa rawarsa daga farko zuwa ƙarshe, cikin jimla ɗaya. Ta uwar adashi tana iya zama "in mutu da mutuncina a unguwa". Duk ƙaramar buƙatar da ba ta hau kan wannan ba, a sake dubanta.

A tashi tsaye: mako na biyu da na uku

A farkon aikinsa Stanislavski yakan daɗe da 'yan wasa a kan tebur ana nazari. A shekarunsa na ƙarshe ya ga yawan zaman yana cika kai ya kashe jiki, sai ya koma ga nazari da ƙafa. Ɗalibarsa Maria Knebel ce ta tsara wannan hanya ta koyar da ita a Mosko bayan rasuwarsa. Ga yadda take: a karanta gaɓa ɗaya, a yarda a kan abin da ya faru a cikinta da buƙatar kowa, a kife takardu, a tashi a buga ta da kalmomin baki na minti biyu ko uku. A dawo a sake karantawa, a ga me aka tsallake. In mai kwasa ta manta ambaton bikin 'yarta, alama ce bikin bai shiga jikinta ba tukuna, sai a koma kan halin da aka ba da. A maimaita sau uku ko huɗu. A kowane zagaye kalmomin marubuci suna shigowa da kansu, domin yanzu ɗan wasa yana buƙatarsu.

Abin da ke ɓata wannan mataki shi ne ɗan wasa mai barkwanci. Da an kife takarda sai ya mai da wurin dandalinsa, kowa na dariya, fitowa ta bi ruwa. Kada a yi masa faɗa. A tambaye shi kawai: ka sami abin da ka zo nema? Wuce gona da iri ado ne a tashe, kuma a can ya dace, amma wannan wani aiki ne daban.

Sai a ƙarshen mako na uku a ba da umarnin hadda, kuma a haddace da murya shimfiɗaɗɗiya, ba hawa ba sauka. Wanda ya haddace da kari ɗaya, da wuya ya rabu da shi.

Motsa jiki na minti 20 kafin kowane gwaji

A sa ɗan wasa ya ɗaga gefen benci mai nauyi, a tambaye shi 17 sau 6. Ba zai iya ba sai ya ajiye. Haka tsoron dandamali ke yi: yana ɗaure kafaɗa, muƙamuƙi da yatsu, tunani ya tsaya. Don haka a fara da minti biyar na sassauta jiki, daga wuya zuwa ƙafa.

Sai nema. A ce wa ɗalibi ya yi kamar yana neman allura da ta ɓace a ɗaki. Zai dafe kai, ya yi ta zarya, ya kalli 'yan kallo. Sannan a fitar da shi, a ɓoye allurar gaske a jikin labule ko tabarma, a ce in bai samo ta cikin minti biyu ba shi zai share wurin gwaji. Sauran su kalli bambancin: ido ya nutsu, hannu ya rage gaggawa, fuska ta daina aiki. Darasi ɗaya ne da ya fi bayanin awa guda.

Wanda idon jama'a ke firgitawa a koya masa taƙaita hankalinsa a ƙaramin da'ira, shi da abin da ke hannunsa, sannan ya faɗaɗa zuwa abokin wasa, sannan ɗakin duka. In ya rikice ranar wasa, ya koma ƙaramin. Saboda haka yana da kyau kowa ya sami aikin hannu na gaske: tsince shinkafa, ɗinkin hula, ƙirga canji. Kuma a kawo kayan tun mako na uku, kada a bari sai ranar ƙarshe.

Tuno abin da ya wuce

Akwai dabarar da ta fi shahara da sunansa: ɗan wasa ya tuno wani baƙin ciki nasa don ya sami hawaye. Ita ce malamin wasa Lee Strasberg ya ɗauka ya gina makarantarsa a kai a Amurka. Amma da 'yar wasa Stella Adler ta yi karatu a wurin Stanislavski a Faris a 1934, ta koma Amurka da labarin cewa shi kansa ya fi dogara da hali da aiki. A yankinmu dalilin yin hattara ya fi haka ƙarfi. A cikin ɗalibai akwai waɗanda rikicin arewa maso gabas ya raba da garuruwansu, akwai marayu, kuma darakta bai san abin da kowa ya haɗiye ba. Kada a ce wa yaro ya tuno rasuwar mahaifiyarsa a gaban 'yan ajinsu. Ko ta fuskar sana'a ma ba riba: hawayen yakan zo sau biyu ya ƙafe, ko ya zo ya fi ƙarfin mai shi har magana ta gagara. A ba shi aiki, misali ya ninke kayan mamaciya ya sa a akwati ba tare da ƙannensa sun ga fuskarsa ba. Mai ƙoƙarin danne kuka ya fi mai kuka taɓa 'yan kallo.

Mako na huɗu zuwa na shida

Yanzu ne za a tsayar da inda kowa zai tsaya, kuma yawancinsa ya riga ya fito daga gwajin baya. Aikin darakta shi ne gyara: kada wani ya tare wani, kada a juya wa jama'a baya a kan muhimmiyar magana. Inda namiji da mace suke wasa ba a buƙatar taɓa juna. Tazara tana magana: wa ke kan kujera, wa ke ƙasa, wa ya matso taku ɗaya, wa ya ƙi karɓar kofin ruwan da aka miƙo.

A kula da saurin ciki da na waje. Uwar adashi tana iya zuba kunu a hankali alhali zuciyarta na dukan uku-uku. In fitowa ta yi sanyi, kada a ce "ku yi sauri", za su haɗiye kalmomi ne kawai. A ƙara matsi a cikin halin: mai Keke yana jira a waje, ko maigida ya kusa dawowa daga masallaci.

Gaskiyar wasa ba ta nufin ƙunƙuni. Mutum ɗaya ya zauna a layin ƙarshe na zauren, ya ɗaga hannu duk lokacin da kalma ta ɓace masa, kuma in da janareta za a yi wasan, a tayar da shi a gwaji biyu na ƙarshe.

An san Stanislavski da kalmar da yakan jefa wa 'yan wasa daga kujerarsa: "Ban yarda ba!" Daraktoci suna son aronta, amma ita kaɗai ba ta gyara komai, sai kashe gwiwa. In za a faɗe ta, a biyo ta da tambaya: me kake so a wurinta yanzu, kuma me ya hana ka samu? A makon ƙarshe a buga wasan daga farko zuwa ƙarshe sau uku ba tsayawa, na ƙarshen da cikakkun kaya. Darakta ya riƙe gyararrakinsa a takarda har a gama, kuma kada ya ba mutum ɗaya fiye da uku a rana.