Kurakuran da ɗaliban ilimin harkokin kuɗi suka fi yi a jami'a, da hanyar gyara su

Kowace shekara matasa da dama daga Katsina da Daura da garuruwan da ke kewaye suna shiga Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, ko Al-Qalam, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, domin karanta akanta ko tattalin arziki ko wani fanni da ya shafi sarrafa kuɗi, kuma yawancinsu suna zuwa ne da tunanin cewa ƙarshen hanyar kujera ce a banki. Wannan tunani shi ne mafarin kuskure, domin yakan sa ɗalibi ya riƙa karatu don takardar shaida kawai, alhali fannin nan na koyar da yadda ake yanke shawara ne a kan dukiya.

Kuskuren da ya fi kowanne illa shi ne haddar ƙa'idojin lissafi ba tare da fahimtar abin da suke nufi ba. Sai ka ga ɗalibi ya rubuta ƙa'idar darajar kuɗi a tsawon lokaci tsaf a jarrabawa, amma idan aka canza masa kalmomin tambayar ya rikice. Maganin wannan shi ne a mayar da kowace ƙa'ida cikin naira da kasuwa. Naira 100,000 da ke ƙaruwa da kashi 20 cikin ɗari a shekara za ta zama 144,000 bayan shekara biyu idan ana haɗa ƙarin da uwar kuɗi, maimakon 140,000, kuma wannan 4,000 ɗin da ke tsakani ita ce darasin gaba ɗaya. Haka nan ɗan kasuwar da ya sayi gero a Mai'adua lokacin kaka ya ajiye, ya sayar da ƙarin kashi 20 a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30, kamar yadda aka gani a Najeriya a 2024, a ido ya ci riba, amma kuɗin da ke hannunsa ba za su sayi abin da jarinsa na farko ke saya ba. Ɗalibin da ya iya bayyana wa mahaifinsa wannan da Hausa, to ya fahimci babin.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da mu. A Hausa kalmar riba tana nufin abin da ɗan kasuwa ya samu a kan jarinsa, wanda halal ne, ita kuwa ribar da Shari'a ta haramta ita muke kira kuɗin ruwa. Wasu ɗalibai, saboda tsoron Allah, wanda abin yabo ne, sukan yi wa darussan kuɗin ruwa riƙon sakainar kashi, suna ganin za su kama ɓangaren bankin Musulunci ne kawai. Sai dai tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na farko na naira biliyan 100 a 2017, abin da ake nema shi ne wanda ya san murabaha (sayar da kaya da ƙarin riba sananniya) da mudaraba (haɗin gwiwar mai jari da mai juya shi) da ijara (haya) kuma ya iya lissafin da ke ƙarƙashinsu. Ba za ka iya tsara farashin kayan da za a biya kashi-kashi cikin wata 24 ba idan ba ka san yadda lokaci ke cin darajar kuɗi ba, kuma koyon yadda tsarin yake aiki daban ne da shiga cikinsa.

Sakaci da shekarar farko ta jami'a shi ma yana jawo nadama. Makin kowane zango ana tara shi ne har zuwa ƙarshe, don haka wanda ya faɗi lissafi da ƙididdiga a farko zai sha wahala kafin ya kai matsakaicin maki 3.50 da ake buƙata don digiri mai daraja ta biyu ta sama.

Sannan da yawa sukan kammala shekara huɗu ba su taɓa buɗe rahoton shekara na wani kamfani ba, alhali kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Legas suna wallafa nasu a intanet kyauta. Ina ba da shawara ɗalibi ya zaɓi kamfani ɗaya tun daga aji biyu, ya kwafe alƙalumansa na shekara biyar cikin manhajar lissafi ta Excel, ya lissafa ribarsa da bashinsa da kansa, ya kuma riƙa karanta sanarwar da Babban Bankin Najeriya ke fitarwa bayan kowane zaman kwamitinsa na manufofin kuɗi. Wanda ba shi da kwamfuta yana iya farawa da wayarsa ko ɗakin kwamfuta na makaranta.

Game da jarrabawar ƙwararru, kada a jira sai bayan bautar ƙasa. ICAN, wato cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya wadda aka kafa a 1965, tana da matakin share fage mai suna ATS da ɗalibi zai iya farawa da sakamakon sakandare yana cikin karatunsa, matuƙar ya tsara lokacinsa yadda ba zai ci karo da jarrabawar zango ba.