Yadda Ake Sauraron Tashoshin Lambobi a Gajeren Zango

Tashoshin lambobi su ne tashoshin rediyo da ake jin murya tana karanto jerin lambobi na sirri a cikinsu, ba tare da an faɗi mai tashar ba. Da farko a tanadi rediyo mai gajeren zango wadda take nuna lambar mita a fuskarta, kuma ya fi kyau ta kasance mai tsarin SSB, wato wani salon watsa murya da ba kowace rediyo ke iya kama shi ba, domin da shi ne da yawa daga cikin waɗannan tashoshi suke watsa saƙo. A ɗaura mata doguwar waya a matsayin eriya, a nisanta ta daga caja da kwamfuta, saboda hayaniyarsu tana danne sigina mai rauni.

Bayan faɗuwar rana, lokacin da ƙananan mitoci suke cin dogon zango, a murɗa zuwa kilohaz 4625. Nan ne tashar UVB-76 ta Rasha take, wadda ke maimaita wata ƙara mai kaushi wajen sau 25 a minti, dare da rana, sai jefi-jefi wata murya ta katse ta da sunaye da lambobi cikin Rashanci. A nan haƙuri ake buƙata, domin ana iya kwana ba a ji muryar ba.

Duk abin da aka ji a rubuta shi, tare da mita, harshe, da lokaci bisa agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya.

Daga nan sai hasashe kan masu tashoshin da manufarsu, wanda a ganina ya kamata a jingina shi da hujja. A shari'ar 'yan leƙen asirin Kuba da aka kama a Amurka a 1998, an nuna cewa ta irin waɗannan lambobi ake aika musu umarni. Ita kuwa UVB-76, masu bibiyarta sun fi danganta ta da sadarwar sojojin Rasha.